Tarihin Afirka a jami'a: wai ina aka ajiye ɗan zango?

Ɗiyar yayata tana shekara ta biyu a wata jami'a nan Accra, ranar Asabar ɗin da ta wuce ta zo unguwarmu Nima, ɗaya daga cikin zangonnin Accra, da takardunta sabida jarabawa ta matso, ta baje su kan tabarma a tsakar gida tana haddar shekaru kaman mai tilawa. Tsohuwarmu na gefe tana ɓare goro da 'yar wuƙarta, don haƙoran yanzu sai a hankali, sai ta ce ke me ake karantawa haka tun safe ko koko ba ki sha ba? Yarinya ta ce tarihin bayi ne Kaka. Tsohuwa ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, au, na Salaga? Yarinya ta ce a'a na Cape Coast da Elmina, wato kurkukun bakin teku da ake loda bayi a jirgi, ta ci gaba da haddarta. Ni ina zaune ina jinsu, kuma wallahi tun ranar abun bai bar raina ba, sabida a gajeriyar maganan nan tasu duk rikicin koyar da tarihi a jami'o'inmu ya fito.

Bari in ɗan koma baya, don in ba a san inda aka faro ba za a zagi malamai a banza. Lokacin da aka buɗe kwalejin da ta zama Jami'ar Ghana da ke Legon a 1948, ƙarƙashin Jami'ar Landan take, digirin Landan ake bayarwa, to wanda ya ba ka digiri ai shi ke da ta cewa kan abun da za ka karanta. Tarihi a wancan zamanin yana nufin sarakunan Ingila, yaƙe-yaƙen Turai, sai kuma yadda Turawa suka bazu a duniya, mu muna shigowa ne a matsayin wurin da jirgi ya tsaya. Kuma ba wai sakaci ba ne, aƙida ce, har a 1963 wani babban farfesan tarihi na Oxford, Trevor-Roper, ya tsaya a bainar jama'a ya ce Afirka ba ta da wani tarihin da za a koyar in ba na Turawan da suka zo cikinta ba, sauran duhu ne. Ghana na da shekara 6 da samun 'yanci fa a lokacin.

Waɗanda suka karya wannan maganar ba da ihu suka karya ta ba, da aiki ne. Kenneth Dike a Ibadan, Adu Boahen a Legon wanda ya dawo da digirin dakta daga Landan a 1959, Cheikh Anta Diop ta ɓangaren masu Faransanci, da wasu Turawan ma irinsu Ivor Wilks da Thomas Hodgkin. Suka ce in babu takardar Bature ai akwai bakin tsofaffi, akwai makaɗan fada, akwai abun da ake tonowa a ƙasa, akwai rubutun Larabci da ajami jibge a akwatunan malamai. Nkrumah ya kafa Cibiyar Nazarin Afirka a Legon a 1961, da ya zo buɗe ta a hukumance a Oktoban 1963 ya faɗi abu biyu da har yau nake ganin ba a cika su ba. Ya ce a karanci Afirka da idon Afirka, kuma kar a tsaya bakin teku, a haɗa da 'yan'uwan da aka kwashe zuwa Amurka da Karibiyan. Wata biyu kafin nan ne Du Bois, masanin nan baƙar fatan Amurka, ya rasu a nan Accra yana ɗan shekara 95, yana kan aikin kundin ilimin Afirka, kabarinsa na nan Cantonments, daga Nima ko a ƙafa ka je. Shekara na zagayowa, 1964, Unesco ta fara babban aikinta na tarihin Afirka mai kundi 8 a matakin farko, Boahen ne ya jagoranci kundi na 7 mai maganar mulkin mallaka. Har yau duk ɗalibin Legon, ko lissafi yake karantawa, sai ya ɗauki darasin nazarin Afirka kafin ya fita.

Toh in haka ne ina matsalar take? A ganina matsalar yanzu ba ta rashin tarihin Afirka a manhaja ba ce, wannan yaƙin an ci shi tuntuni. Matsalar yadda aka yanka abun ne. An yi akwati uku, ga tarihin Afirka, ga tarihin baƙar fata na ƙetare, ga tarihin duniya wanda in ka buɗe shi sai ka tarar tarihin Turai ne aka sauya wa riga. Ɗalibi ya shiga wannan aji da safe ya shiga wancan da yamma, kowanne da malaminsa da jarabawarsa, babu wanda aikinsa ne ya ɗinke su. Mu kuma 'yan zango labarinmu a kan ɗinkin yake zaune, shi ya sa yake zubewa ƙasa.

Ko a cikin akwatin Afirka ɗin ma dubi yadda ake raba zamani, kafin mulkin mallaka, lokacin mulkin mallaka, bayan mulkin mallaka, kenan Bature ne agogon. Alhali Ingila ta haɗiye Asante da Arewacin Ghana ne a farkon 1902 ta sauka a 1957, shekara 55 kenan, tsohuwarmu ta fi mulkin nan daɗewa a duniya nesa ba kusa ba. Amma shekarun nan 55 su ke cinye rabin zangon karatu, ɗaruruwan shekarun Dagbon da Gonja da Bono kuma a tattara su cikin sati biyu ko uku a ƙarƙashin kanu ɗaya. Ban ce malamai ba su san wannan ba, sun sani sarai, su ma suna ƙorafi a kai, amma takardun da ke da sauƙin samu a gidan adana takardun gwamnati na Turanci ne kuma na zamanin DC ne, wato Baturen mulki mai riƙe da gunduma, kowa kuma inda fitila ke haskawa yake neman allurarsa.

Sai maganar tarihin baƙar fata, nan ne abun ya fi ɗaure kai. Wannan fannin a Amurka ya girma, kuma da gumi aka same shi, tun Carter Woodson da ya fara makon tarihin baƙar fata a 1926 har yajin ɗalibai na San Francisco a 1968 da ya tilasta buɗe sashen farko, ba wanda ya ba su kyauta. Sai dai tambayar da ta haifi fannin tambayarsu ce, wato yaya aka yi muka zo nan kuma me aka yi mana a nan. Da fannin ya ƙetaro wajenmu da littattafansa da kuɗin bincikensa da ɗalibansa masu zuwa yawon karatu, sai ya zo da taswirarsa, labari ya fara daga ƙofar kurkukun Cape Coast ya nufi Virginia. Shekarar Dawowa ta 2019 ma, da Ghana ta gayyato jikokin bayi su zo gida, a kan 1619 aka gina ta, shekarar da aka sauke bayi a Virginia. Ba na ƙyashin baƙin nan ko kaɗan, na ga masu kuka a Cape Coast da idona kuma kukan gaskiya ne. Amma lissafi ba ya ƙarya, cikin mutum wajen miliyan 12 da rabi da aka ɗora a jirgi, waɗanda aka kai Amurka ta Arewa kai tsaye ba su kai dubu 400 ba, Brazil kuwa ta kwashi kusan miliyan 5. In ka koyar da tarihin baƙar fata kaman Amurka ce cibiyarsa ka bar giwa ka kama wutsiya.

Kuma Brazil ɗin ita ce ta shafe mu kai tsaye. A Bahia Hausawa bayi sun shirya tawaye tun 1807, sannan a 1835 aka yi babban tawayen Musulmi a Salvador cikin watan azumi, akasarinsu Yarbawa ne da Hausawa a ciki, an samu layu da takardun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Bayan nan wasu suka dawo gaɓar nan tamu, mutanen da ake kira Tabom a unguwar Jamestown ta nan Accra zuriyarsu ce, gidan da ake kira Brazil House yana nan tsaye. Na tambayi yarinya ko ta taɓa jin wannan, ta ce Kawu Tabom dai na sani, ai suna da sarki, amma ban san da Hausawa a maganar Brazil ba. Martin Luther King kuwa har ranar jawabinsa ta sani.

Yanzu ga inda ake taka ƙaya, ta bayan ƙofar kurkukun nan. Mutumin da aka tura cikin jirgi a Elmina ba daga sama ya faɗo ba, da ƙafa aka kawo shi, wani ya kama shi wani ya saya wani ya sayar. Gonja da Dagbon sun biya Asante haraji da mutane. Salaga a ƙarni na 19 kasuwar goro ce kuma kasuwar bayi ce lokaci ɗaya, ayarin fatakenmu da ke tasowa daga Kano da Katsina su yi watanni a hanya da kanwa da tufafi da fatu ba goro kawai suka sani ba, wannan dole mu faɗa da bakinmu kafin wani ya faɗa mana da gatse. Can ƙarshen ƙarnin Babatu da Zabarmawansa suka yi ta kai hari ƙasar Gurunsi, har yau a Sandema ana bikin Feok ana tuna ranar da Builsa suka tare shi. Yanzu ka ɗauki kanka kai ne lakcara, ga aji cike da ɗaruruwan yara, a benci ɗaya ga jikan wanda ya kai hari ga jikan wanda aka kai wa ga jikan wanda ya karɓi haraji, kuma a ƙasar da kiran mutum ɗan bawa ke iya kai ku gaban sarki. Wace hanya ta fi sauƙi? Ka yi maganar Bature da jirginsa da sarƙarsa, kowa ya haɗu a yi fushi tare a tashi lafiya. Na fahimci mai yin haka. Amma in jami'a ba za ta iya riƙe wannan zancen ba to wa zai riƙe, Facebook? Can ai da an fara sai zagin ƙabila. Kuma faɗin rawar da 'yan gida suka taka ba ya rage wa Turawa laifi ko ƙwayar zarra, su suka kawo jirgi da bindiga da kasuwar da ba ta ƙoshi, sai dai yaro ya kamata ya san sarƙar gaba ɗayanta ba zobe ɗaya ba.

Abun da ya fi ci min rai shi ne harshe. Tarihin ƙasar nan a warwatse yake cikin harsuna, Fotugis suka gina Elmina a 1482, Holan suka ƙwace a 1637, Denmak na Osu, Jamus ta riƙe gabashin Volta, kowanne ya bar takardu da yarensa. Sannan ga namu. Akwai tarihin Gonja da malamai suka rubuta da Larabci tun tsakiyar ƙarni na 18. Bowdich, wani jakadan Ingila da ya je Kumasi a 1817, ya tarar da Musulmi a kusa da fadar Asantehene, sarkin Asante, suna rubuta wasiƙu da layu, wani tarin takardun Larabci na Kumasi ma yanzu haka a Kopenhagen yake. Ga Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano, ya zauna Salaga har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ya rasu a 1934, mutumin da ya ga zuwan Nasara da idonsa ya rubuta shi a waƙe da Larabci da Hausa, ya kuma rubuta yadda ake fatauci da sana'a da zaman jama'a a ƙasar Hausa. Ga wani Malam Abu da ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen Zabarmawa da ajami. A shekarun 1960 Wilks da Alhaji Usman Boyo na Kintampo sun bi gari-gari suna aron littattafan malamai ana ɗaukan hotonsu, ɗaruruwa aka tara a Legon. Abun dariya abun kuka, ɗalibin da ke sashen tarihi Turanci kawai yake ji, yaron zango da ya tashi a makaranta yana karanta Larabci da ajami kaman ruwa kuma in ma ya samu shiga jami'a sai ya nufi sashen Larabci ko addini ko ya gudu kasuwanci, ba wanda ya taɓa ce masa allon nan da ya sha bulala a kansa mabuɗin wani ɗaki ne da manyan farfesoshi ke tsaye a ƙofarsa. Mai mabuɗi daban mai ɗaki daban. Da ni ke da iko da na ce duk mai son digiri na biyu a tarihin Afirka ta Yamma sai ya iya harshe ɗaya na tushe bayan Turanci, kuma a lissafa ajami a ciki, a ba ɗan makaranta maki kan abun da ya riga ya iya.

Wannan ba don mu ji daɗi ba ne kawai. Mutanen da ba sa cikin littafi su ake fara cewa baƙi. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su fice, zangonni suka girgiza, har da waɗanda aka haifa a nan kakanninsu ma a nan aka binne su. Alhali Hausawa na cikin sojan da Glover, wani hafsan Ingila, ya jagoranta a yaƙin Asante na 1874, shekaru da dama Hausa ce harshen bariki, wannan ma wani abu ne mai ɗaci da ya kamata a tattauna a aji, don waɗancan sojojin wa suka yi wa aiki, kuma da yawansu bayi ne da suka gudu aka ba su bindiga aka kira su Hausa ko ba Hausawa ba ne. Har yau in rajistar katin ɗan ƙasa ta tashi kowa ya san tambayoyin da mai suna irin namu ke sha.

Akwai masu cewa to a soke tarihin Turai kwata-kwata mu karanta namu. Ban yarda ba sam. Yaya za ka gane taron Berlin na 1884 in ba ka san abun da ke tsakanin Jamus da Faransa da Ingila ba? Yaya za ka gane tawayen Haiti na 1791 ba tare da juyin Faransa ba? Abun da nake so shi ne a shiga tarihin duniya ta ƙofar gidanmu. Ɗauki zinariya, daga dajin Akan ta bi ta Begho ta je Jenne ta ƙetare Sahara ta zama kuɗi a Maroko da Masar har Turai, kuma don a tare ta tun daga tushe ne Fotugis suka zagayo ta teku. Ɗauki wuri, kuɗin da kakanninmu ke ƙirgawa, daga tsibiran Maldib na tekun Indiya yake zuwa. Ɗauki goron da ke hannun tsohuwarmu, shi ya ba Coca-Cola rabin sunanta. Ɗauki Burma Camp, barikin sojan nan na Accra da muke wucewa kullum a motar haya ta trotro, me ya kai ɗan Gold Coast yaƙi da Japan a dajin Burma, kuma me ya sa tsofaffin sojan da suka dawo suka yi tattakin 28 ga Fabrairun 1948 aka harbe uku gari ya kama da wuta? Kowanne cikin waɗannan zare ne, ka ja shi duniya ta biyo ka, kuma yaro ba zai yi barci a aji ba.

Sai dai akwai wani ramin a ɗaya gefen, shi ne kirari. TikTok ya cika da Mansa Musa ya fi kowa kuɗi a tarihin duniya, mu muka ƙirƙiro kaza mu muka fara kaza, ba hujja ba madogara. Na gane daga inda yunwar take, wanda aka daɗe ana ce masa ba shi da komai dole ya yi zari. Amma jami'a ba dandalin maroƙa ba ce. Aikin malami ya ajiye wa ɗalibi rahoton DC da waƙar Alhaji Umaru da abun da makaɗin fada ya ce a kan abu ɗaya, ya tambaye shi wa ke magana, wa yake so ya ji, me ya ɓoye. Malaminmu ma yana da son ransa, makaɗin sarki kuwa ba zai taɓa kaɗa maka yaƙin da aka ci ubangidansa ba. Ko rigimar da 'yan siyasa ke yi kan wa ya kafa Ghana, Nkrumah shi kaɗai ko shi da su Danquah, a yi bikin tunawa ranar 21 ga Satumba ko 4 ga Agusta, darasi ne kyauta da za a shigo da shi aji a nuna yadda ake jan tarihi kaman bargo cikin sanyi.

Gaskiya kuma yanayin aikin bai taimaka ba. Yaran suna isowa jami'a da ƙaramin tushe, tun gyaran ilimi na 1987 tarihi ya narke cikin darasin zamantakewa a ƙananan makarantu, sai 2019 aka dawo da shi firamare da sunansa. Aji ya yi yawa, littafi tsada, sai a koma kan takardun fotokwafi da hadda, a zuba a jarabawa a manta. Ga iyaye, yayata da kanta ta ce wa yarinyar nan tarihi za ki ci? Ta so ta yi nas.

Da yamma bayan la'asar na ce wa yarinya ta ajiye takardun ta kunna rikoda a wayarta ta tambayi kakarta me ya sa ta ce Salaga. Tsohuwa ta gyara zama, ta fara daga kakanta da ya zo da jakuna, ta lissafo zangunan hanya ɗaya bayan ɗaya, wasu sunayen ni kaina ban taɓa ji ba, ta faɗi rijiyoyin Salaga, ta faɗi yadda aka watse bayan yaƙi wasu suka yi Krachi wasu Yeji wasu Kumasi, su nasu suka gangaro Ankara, wato Accra. Yarinya ta ce to Kaka, shi kakan naki ya sayi mutane? Tsohuwa ta yi shiru ta kalli wayar, ta ce akwai wata mata da ta rene su da ake ce wa baba, tana da tsage a fuska irin na can arewa, ba ta taɓa faɗin garinsu ba har ta mutu, kuma jikokinta suna nan unguwar nan kin san su kina gaishe su. Yarinya ta ce wane gida ne? Tsohuwa ta miƙa hannu ta kife wayar a kan tabarma, ta ce tashi ki ɗauko min buta magariba ta yi.